Hodar gwangwani a ruwan gumi: kundin aiki daga Birnin Kebbi

14 ga Oktoba, 2024

An fara yankan shinkafar damina a fadama, masu gumi kuma sun ɗora tukwane. Ruwan da suke jiƙa shanshera a ciki, wanda suke tuntsurarwa a kwata da zarar sun tsame, shi ne abin da za mu yi aiki a kansa har zuwa faɗuwar damina mai zuwa, ni da ɗalibai biyu da ke aikin kammala karatu a ɗakin gwajinmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a nan Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman ya bunƙasa, injinan casa manya da ƙanana suka yawaita daga Argungu har Jega da Yawuri. Kowa na lissafin buhu, amma ruwan da ke fita ta rariya ba shi da mai lissafi.

Ƙwayar shinkafa tana ajiye fosforos ɗinta ne a dusar da ke lulluɓe da ita. Idan ta daɗe a ruwan ɗumi, wani kaso yana narkewa ya bi ruwan. Da ya gangara kududdufi ko tafki, ya haɗu da takin zamanin da ya wanko daga gonaki, sai gansakuka ta samu abinci ta rufe fuskar ruwa. Da rana tana fitar da iskar oksijin, da dare ita da bakteriyar da ke cin ruɓaɓɓenta su shanye. Shi ya sa masunta ke tarar da kifi ya taso sama da asuba, ba da la'asar ba.

Abubuwa uku muka sa a gaba, dukkansu aniyon ne, wato gishirin da ke yawo a ruwa ɗauke da cajin negatif: fosfet (gishirin fosforos), naitiret (gishirin naitirojin) da fuloraid. Ƙa'idar tarayya ta 1991 ta ce ruwan masana'anta da za a saki a kogi kada fosfet ɗinsa ya wuce miligiram 5 a lita. A ruwan sha kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙa'idar Nijeriya sun tsaya a miligiram 50 na naitiret da 1.5 na fuloraid. Fuloraid ba matsalar ruwan gumi ba ne. Mun sa shi ne domin a kansa alumina, farar hodar alminiyam da ake cire irin waɗannan gishirin daga ruwa da ita, ta yi suna, kuma duk wanda ya ga haƙoran yara a Langtang ko Kaltungo ya san ɓarnarsa. Idan hodarmu ta kasa kama shi, mun san ba mu haɗa ta daidai ba.

Alumina da ake sayarwa daga waje take zuwa, da dala ake kiran farashinta. Mu da gwangwanin lemo za mu yi tamu.

26 ga Oktoba

Gwangwani ba shi da arha yadda na zata mutane za su ɗauka. 'Yan gwangwan sun riga sun san masu zubin tukwane na jiransa, don haka a kilo muka saya, farashin kasuwa. Wani dattijo mai zubin tukwane ya ba mu kashin da suke kwashewa daga saman narkakken sanholo, wato alminiyam, kyauta, ya ce, "Malam, ɗauki duka, mu shara ce gare mu." Mun zuba masa ruwa a ɗakin gwaji, nan take warin amoniya ya tashi, domin sanholo mai zafi yana haɗuwa da naitirojin na iska. Mai son cire naitirojin daga ruwa ba zai fara da abin da ke zuba shi ba. Mun ajiye kashin gefe.

Ɗaliban sun wuni suna yanka gwangwani da almakashi suna goge fenti da takardar yashi. Akwai kuma siririn rufin roba a cikinsa, wanda yake hana lemo cin ƙarfen. Shi zai rabu da kansa a mataki na gaba.

9 ga Nuwamba

Yau aka narka. Wannan aikin a fili ake yinsa, ƙarƙashin bishiya, nesa da murhu da mai shan sigari. Sanholo idan ya shiga ruwan sodar sabulu yana fitar da iskar haidurojin, giram ɗaya na ƙarfen yana ba da fiye da lita ɗaya ta iskar, ita kuma tartsatsi kaɗan take jira. Ruwan yana yin zafi har ya tafasa da kansa, saboda haka bokitin roba muka dasa cikin daro mai ruwan sanyi, muna jefa yankakken gwangwanin kaɗan-kaɗan. A lissafi giram 40 na soda ke cin giram 27 na sanholo, mun ɗan ƙara soda a kai. Safar hannu da tabarau dole ne. Soda a ido ta fi asid mugunta, don ita ba ta tsayawa a sama, ci take yi tana shiga.

Abin da ya rage a ƙasan bokiti baƙin laka ne: manganis da magnesiyam da ƙarfen da ake garwayawa a jikin gwangwani, waɗanda soda ba ta narkar da su, tare da yagaggen rufin robar. Mun tace da ƙyalle ninki huɗu, sannan da takardar tacewa, muka samu ruwa garau.

Daga nan sai asid na salfa da aka tsinka, ana ɗigawa ana juyawa. Tun pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (yana sauka tsami na ƙaruwa), yana sama da 12 har ya sauko wajen 7, inda farin abu ya cika bokiti ya yi kauri kamar gasarar koko. Shi ne haidurokside na alminiyam. Giram ɗaya na gwangwani yana ba da kusan giram uku nasa idan ya bushe.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya kawo shawarar mu karɓo ruwan tsohon batir daga masu cajin batir, tunda shi ma asid na salfa ne kuma kyauta. Na hana. Ruwan da ya kwana cikin batir ya sha dalma. Maƙwabtanmu na Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sabon asid muka saya.

Wanki shi ne aikin da ya fi cin rai. Farin lakan cike yake da salfet, salfet kuwa aniyon ne da zai zauna a gurbin da muke tanadar wa fosfet. Ana wankewa, a bari ya kwanta, a tsiyaye, a sake. Ba mu daina ba sai da ɗigon bariyam kulorayid ya daina sa ruwan wankin yin fari.

23 ga Nuwamba

Mun kasa busasshen lakan uku. Kashi na farko an busar da shi kawai a digiri 105 na Salsiyos. Na biyu an gasa shi a digiri 500, inda ruwan jikinsa ke fita ya bar ƙananan ramuka barkatai. Irin wannan alumina giram ɗaya nata kan kai faɗin murabba'in mita 200 zuwa 300 idan aka baje duk ramukan. Na uku mun kai shi iyakar zafin tanderunmu don ɗaliban su gani da idonsu cewa yawan wuta ɓata ta yake yi: da zafi ya haura digiri 1,000 ramukan suna rufewa, ta koma dutse mai tauri irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa na kanti da shi.

Wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar gashin kashi na biyu, sai washegari aka sake daga farko.

7 ga Disamba

Gwajin farko, da ruwan da muka haɗa da kanmu. Giram 4.39 na fotasiyam fosfet a lita ɗaya ta tataccen ruwa yana ba da miligiram 1,000 na fosforos, giram 2.21 na sodiyam fuloraid yana ba da 1,000 na fuloraid, giram 1.63 na fotasiyam naitiret yana ba da 1,000 na naitiret. Daga waɗannan muke tsinkawa zuwa ƙarfin da muke so. Kowace kwalba ta samu hoda daidai wa daida, aka girgiza, aka tace.

Fosfet da launi ake auna shi. Ana zuba maganin molibdet da asid na askobik, ruwan ya yi shuɗi gwargwadon abin da ke ciki, na'ura ta karanta. Kwalbar da ba a sa wa hoda ba ta yi shuɗi kamar baba, wadda aka sa wa kuwa da ƙyar ake ganin launin. Fuloraid ma ya faɗi ƙasa da 1.5. Naitiret yadda ya shiga haka ya fito.

Dalilin a fili yake. Fuskar alumina cike take da ƙwayoyin haiduroksil, wato oksijin haɗe da haidurojin. Fosfet da fuloraid ture su suke yi su manne da alminiyam ɗin kai tsaye, irin mannewar da wankin ruwa ba ya rabawa. Naitiret ba ya iya wannan. Jan caji kawai ke riƙe shi daga nesa, kuma duk wani aniyon da ya zo wucewa, ko kulorayid na gishirin miya ne, sai ya kore shi. A jerin abin da alumina ta fi so, asenet da fosfet da fuloraid suna sama, salfet da kuromet a tsakiya, naitiret can ƙarshen layi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kashin da ba a gasa ba ya fi wanda aka gasa kama fosfet. Ɗanyen haidurokside bai riga ya shirya kansa ya zama ƙanƙara ba, gurabensa a buɗe suke. Sai dai da ya jiƙa yake komawa laka. Kashi na uku, mai yawan wuta, bai taɓuka komai ba.

21 ga Disamba

Makon pH. Mun jera kwalabe daga 4 zuwa 10. Kamun ya fi kyau tsakanin 5 da 6.5, ya fara ja baya bayan 7, ya zube bayan 9. Haka ya kamata ya kasance: ƙasa da wajen 8 zuwa 9 fuskar alumina tana da cajin fozitif, tana jawo aniyon, sama da nan ta juye ta zama negatif, ga kuma haiduroksil da ya cika ruwan yana takara da su.

Amma a nan akwai tarko. A pH 4 kamun yana da kyau a takarda, sai dai hodar kanta ta fara narkewa, alminiyam yana shiga ruwan. Iyakarsa a ruwan sha a ƙa'idar Nijeriya miligiram 0.2 ne a lita, kuma a ruwa mai tsami guba ne ga kifi, yana toshe musu hanyar numfashi. An gudu ba a tsira ba kenan, a cire fosfet don kifi a zuba musu alminiyam. Wajen 6 zuwa 7 ne narkewarsa ta fi ƙaranci, a nan za mu tsaya ko da kamun ya ɗan ragu.

Alminiyam ɗin da ya narke yana kuma yaudarar gwajin fuloraid na launi, domin yana riƙe fuloraid ya ɓoye shi, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Duk wanda ya nuna maka ya cire kashi 99 cikin 100 da wannan gwajin, tambaye shi ko ya auna alminiyam ɗin da ya rage. Mu mun aro na'urar da ke auna fuloraid da sanda, tare da ruwan da ke kwance shi daga alminiyam kafin a karanta.

A Indiya tun 1975 suke da hanyar da ake kira Nalgonda, da sunan gundumar da fuloraid ya addaba: a zuba alimun da farar ƙasar laim a bokiti, a juya, a bari ya kwanta. Asalin aikin ɗaya ne da namu, haidurokside ɗin ne ke haihuwa cikin ruwan ya kama fuloraid ya nutse da shi. Matsalarta laka kullum da kuma salfet da ke ƙaruwa a ruwan. Iyayenmu da ke jefa alimun a randa don ruwan rafi ya kwanta sun daɗe suna yin rabin wannan aikin.

Hunturu ya sa komai na ɗakin gwaji ƙura. Kwalbar da aka bari a buɗe ba a yarda da sakamakonta.

11 ga Janairu, 2025

Mun je ɗebo ruwan gumi na gaske a wani gida da mata ke aikin a ƙungiyance. Shugabarsu, dattijuwa, ta ga jarkokinmu ta ce, "Malam, mi kaka yi da ruwan da ko akuya ba ta sha?" Na ce, "Inna, wanke shi za mu yi." Ta yi dariya ta ce, "Da ruwa aka wanki, kai ko ka taho ka wanke ruwa!" Da na yi mata bayani, tambayarta ɗaya ce: in an wanke, za ta iya sake jiƙa shinkafa da shi? Ruwa saye suke yi wurin 'yan ga-ruwa. Kifin tafki bai dame ta ba, kuɗin kura ya dame ta, kuma tana da gaskiya. Na ce mata a yanzu a'a, abin da za a ci ba a jiƙa shi da ruwan da ba a tabbatar da tsaftarsa ba, amma wanke daɓe da tukwane da ban ruwan lambu muna sa rai.

Ruwan jaja-jaja ne, yana da yauƙi da warin tsami. Wanda ya kwana ya fi tsami, don sitacin cikinsa ya fara ruɓa, pH ɗinsa ƙasa da 6. Ta wannan fuskar ya zo mana daidai, ba sai mun sayi asid ba.

Ta sauran fuskokin kuwa ya kunyata hodar. Adadin da ya share fosfet a tataccen ruwa, a nan ko rabi bai cire ba. Sitaci da yauƙi suna shafe fuskar hodar, asid ɗin da ruɓa ke haifarwa su ma aniyon ne masu son alminiyam, suna cin gurabe. Ga launin ruwan yana shiga cikin shuɗin gwaji, sai an auna shi daban an ɗebe. Sannan wani kaso na fosforos ɗin yana ɗaure a sinadarin faitet na dusa, wanda molibdet ba ya gani sai an dafa samfurin da fasalfet an farfasa shi. Da muka yi haka adadin ya tashi sosai. Faitet ɗin shi ma alumina tana kama shi da ƙarfi, wanda alheri ne ga tafki, amma gurbi yake ci.

Naitiret kaɗan ne a ruwan. Naitirojin ɗinsa yana cikin furotin da amoniya, sai ya fita waje bakteriya ta juya shi.

Wani abokin aiki ya yi mini tambayar da ta dace: tunda fosfet taki ne, me zai hana a kai ruwan gona kai tsaye? Inda gona ke kusa, wannan ya fi duk abin da muke yi, a bar shi ya huce ya kwanta a shayar da masara. Amma mafi yawan masu gumi a tsakiyar unguwa suke, tsakaninsu da gona akwai kwata mai tsawo da ke ƙarewa a tafki.

1 ga Fabrairu

Hoda a bututu ba ta yiwuwa, cikin ɗan lokaci ta toshe ta zama tubali. Dole a mai da ita tsakuwa. Hanya biyu muka gwada. Ta farko, a tsoma wankakken yashin kogi cikin ɗanyen lakan a busar, ya yi masa riga. Ta biyu, a kwaɓa hodar da yumɓu da garin ɓuntu, a mulmula ƙanana, a gasa. Ɓuntun ya ƙone ya bar ramuka. Wata mai ginin tukwane ce ta gyara mana kwaɓin. Ta taɓa namu ta ce, "Ɗana, wannan fashewa zai yi, yumɓun bai kwana ba." Ta ce a jiƙa shi ya kwana biyu, a busar a inuwa kafin ya ga wuta. Haka aka yi, bai fashe ba.

Yashin yana kama fosfet da sauri amma rigar siririya ce, yana ƙoshi da wuri, kuma tana goguwa. Tsakuwar yumɓu ta fi jinkiri, ta fi daɗewa. Ita muka zaɓa, girman ƙwayar dawa.

Bututun roba mai inci 4 muka cika tsawon santimita 60, wato wajen lita 4.7 na tsakuwa. Idan ruwa na ɗiga lita 0.3 a minti, yana samun kusan minti 15 tare da ita. A wannan saurin duro mai lita 200 zai ci awa 11. Gidan da muka je suna zubar da duro da yawa a yini. Bututu ɗaya na ɗakin gwaji ne kawai.

Kafin ruwan ya isa bututun yana kwana a duro ya kwanta, ya bi ta yashi, ya bi ta gawayin ɓuntu. Gawayin ya rage launi da wari sosai, kuma ɓuntu a Kebbi tsibi yake a bayan kowane injin casa.

22 ga Fabrairu

Fosfet ya fara leƙowa a bakin bututu, da wuri fiye da yadda gwajin kwalba ya nuna. Mun zare tsakuwar muka duba: saman ya yi yauƙi da bakteriya, ruwa ya haƙa wa kansa hanya ta gefe ɗaya, wani sashe ko jiƙewa bai yi sosai ba. Mun juya tsarin, ruwa ya riƙa shiga ta ƙasa yana fita ta sama, kuma bututu biyu a jere, idan na gaba ya ƙoshi na baya ya dawo gaba.

15 ga Maris

Azumi da zafin bazara, aiki ya koma safiya kawai.

Lissafin da ke hana ni barci ga shi. A ƙaddara giram ɗaya na haidurokside yana kama miligiram 10 na fosforos a ruwa mai datti, a ƙaddara kuma ruwan yana da miligiram 30 a lita. Duro ɗaya giram 6 kenan, yana buƙatar giram 600 na hoda, wato fiye da giram 200 na sanholo, kimanin gwangwani 15, ban da soda da asid. Ba matar da za ta kashe wannan a kan kowane duron ruwan da za ta zubar. In ba a iya farfaɗo da tsakuwar an sake amfani da ita ba, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Farfaɗowar da ruwan soda ake yi, mai ƙarfin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Haiduroksil ya kori fosfet daga gurabensa, a wanke, a bi da tsinkakken asid a dawo da pH wajen 6. Ta yi aiki, amma sodar da ta narka gwangwani tun farko ba ta manta da alminiyam ba, kowane zagaye tana cin wani abu, tsakuwar tana raguwa da ƙarfi da nauyi. Mai kashi 1 ya fi tausaya mata.

Ruwan sodar da ya fito shi ne ya tara duk fosfet ɗin a ɗan ƙaramin wuri. Mun zuba masa ruwan laim, farin gari ya kwanta, kalsiyam fosfet, ɗan'uwan dutsen fosfet ɗin da ke ƙarƙashin ƙasar Sakkwato wajen Dange. Wannan taki ne, ya fi amfani a ƙasa mai ɗan tsami. Mun shuka masara a tukwane don kwatanta shi da takin kanti.

Tsakuwar da ta gaji kuwa ban yarda a watsa ta a gona ba, ko da yake ana yawan ba da wannan shawarar. Fosfet ɗin da alminiyam ya riƙe, saiwa ba ta iya ƙwatarsa cikin sauƙi, kuma a ƙasar da pH ɗinta ya gaza 5.5 alminiyam yana narkewa ya hana saiwa tsawo. Wadda ta sha fuloraid ko asenik ko kuromet, wannan ba ta da hanyar gona ko kaɗan. Cikin bulon siminti za mu gwada binne ta.

5 ga Afrilu

Bayan sallah mun ba naitiret dama ta biyu, da wani haɗin magnesiyam da alminiyam mai hawa-hawa, irin dutsen haidurotalsait da aka fara bayyanawa a Norway a 1842. Kashi uku na magnesiyam, ɗaya na alminiyam, a haɗa a pH 10, a gasa a digiri 450 zuwa 500. Gashin yana rushe hawan, da ya koma ruwa sai ya sake gina kansa yana cusa aniyon a tsakanin hawa da hawa. A tataccen ruwa ya kama naitiret, abin sha'awa. A ruwan burtsatse ya saki, domin kabonet ya fi so fiye da komai, ruwan ƙasa kuwa ba ya rabuwa da baikabonet. Ga shi yana tura pH sama. Mun rufe wannan babin. Naitiret aikin bakteriya ne da ciyawa: rami mai tsakuwa da aka dasa wa kacalla, ruwa ya ratsa a hankali inda babu iska, su mai da shi iskar naitirojin.

19 ga Afrilu

Wani tsohon ɗalibina da ke aikin lafiya a yankin haƙar zinariya a Zamfara ya kira, ya ji labarin tsakuwar, yana so a aika masa don ruwan wankin dutse. Na ce masa ya dakata. Dalma da zaiba ba aniyon ba ne, ba don su aka yi wannan tsarin ba. Asenik tana iya kamawa, amma sai an fara juya shi zuwa asenet da ɗan kulorin, kuma iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.01 ne kacal, abin da na'urorinmu ba sa gani. Mafi haɗari shi ne inda ake jiƙa dutse da sayanaid. Shi aniyon ne, amma hanyarmu tana saukar da pH zuwa 6, sayanaid kuwa da ya sauko ƙasa da wajen 9 yake komawa iskar da ke kashe mutum a tsaye. Shi a pH sama da 10 ake karya shi da kulorin. Na roƙe shi kada kowa ya zuba asid ko alimun a irin wannan ruwan.

3 ga Mayu

Shinkafar rani ta shigo, tukwanen gumi sun sake ɗaukar wuta. Mun kafa tsarin gwaji a gidan matan nan: duron kwanciya, duron yashi da gawayin ɓuntu, sai duro biyu na tsakuwa a jere maimakon bututu. Samfurin farko ya fito ƙasa da miligiram 5 na fosfet, alminiyam ɗinsa bai kai 0.2 ba. Sabuwar tsakuwa ce, dole ta yi kyau; abin dubawa shi ne yadda za ta kasance bayan ta sha ruwa na makonni.

An kuma kawo mana buhu biyu na lakan da gidan ruwa ke kwashewa daga tankunan da ake zuba alimun. Haidurokside ne na alminiyam gauraye da taɓon kogi, wanda ake zubarwa. A gwajin kwalba bai kai hodarmu ba, amma bai yi nisa da ita ba, kuma ba ya buƙatar gwangwani ko soda ko asid. Yana shanye a inuwa yanzu, idan ya bushe za a farfasa a tankaɗe a cika duro na uku da shi, a kwatanta.

Inna ta fara wanke daɓen shanya da ruwan da ke fitowa, ta ce kura ɗaya ta ragu mata a yini. Ta kuma ce durorin sun tare mata hanyar kai itace, a matsar da su jikin katanga. Ranar Litinin za a matsar, a yi musu rumfa kafin ruwan sama ya sauka, a haƙa ramin kacalla a bakin rariya. Masarar tukwane ta kai gwiwa, sai ta yi bunni za mu auna.